Ƙwallon Marigayi a Teburin Shifu

Masana tarihi sun daɗe suna gardama a kan abin da ya riƙe duniya har ba ta wargaje ba. Wasu sun ce mulki, wasu sun ce ciniki, wasu sun ce tsoron Allah, kuma waɗannan na ƙarshe su suka fi gaskiya. Amma idan aka sauko ƙasa-ƙasa, inda mu ma'aikata muke, ni na daɗe da yanke hukunci cewa ɗinki ne. Takalmin soja ɗinki ne, jakar likita ɗinki ce, bangon littafi, tantin mahajjata, har likkafani. Na koyar da tarihi a sakandare a Kano kafin in zo Guangzhou ta ƙasar Sin in zama tafinta, amma wannan darasi ba a aji na same shi ba. Ranar da na same shi kuwa ba ta taɓa fita raina ba. Wata Talata ce a Shiling, da na shiga wani ɗaki na tarar da abin da aka ba ni amana a shimfiɗe kan tebur, falle huɗu.

Bari in yi wa sababbin zuwa bayani, tunda wasunku har yanzu suna ɗauka aikinmu juya magana ne kawai daga wani baki zuwa wani. Ofishinmu yana tarbar ɗan kasuwa a filin jirgi, ya kai shi inda kaya suke, ya tsaya masa a ciniki, ya duba kayan kafin a rufe kwali, ya sa su a kwantena. Mai neman tufafi masu araha a kai shi Shisanhang. Mai neman jaka a ɗauki mota zuwa Shiling, garin da kowace ƙofa warin fata da gam take yi. Sau biyu a shekara kuma ana babban bajekoli a Pazhou, lokacin da tafinta yake manta kamannin gadonsa. A tsarin ofis akwai maigida, akwai masu duba kaya, akwai mu masu baki. A lokacin ni ne babba cikin masu baki, ba don na fi kowa Sinanci ba, sai don na fi kowa furfura.

A bajekolin Oktoba ne, shekarar da aka sake buɗe hanya bayan korona. Ina rakiyar Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi mai sayen jakunkunan makaranta, wanda ba ya kirana da komai sai Mushe. A wajensu malamin boko ke nan. A wajenmu kun san abin da ake cewa mushe, kuma shi ma ya sani, shi ya sa bai taɓa fasawa ba. Muna wucewa ta wata rumfar kayan fata na ga wata Baturiya, za ta kai sittin, tana ta zana wani abu a iska da hannuwanta, mai rumfa kuwa duk abin da ta zana sai ya ce meyo, wato babu. Na tsaya na tambaye ta ko da abin da zan taimaka. Ta dube ni ta ce Turancina irin na masu karanta labarai a rediyo ne lokacin tana yarinya. Na ɗauka yabo ne, na yi godiya. Sunanta Helen, tana da kantin kayan fata a wani ƙaramin gari a jihar Victoria ta Ostireliya, kuma tafintan da ta ɗauka ta waya bai zo ba. Na kira maigida, ya ce in riƙe ta, baƙo baƙo ne ko daga ina yake.

Sai washegari ta nuna min ainihin abin da ya kawo ta. Muna zaune muna shan shayi ta buɗe jakar goyonta, ta fito da wani ƙunshi a tawul, ta warware shi a hankali kamar mai buɗe jariri. Wata tsohuwar ƙwallo ce ta fata, baƙa ƙirin don tsufa, ta motse gefe guda, da igiya a bakinta irin ta takalmi. Siffarta ba zagaye ba ce, ta fi kama da gwanda. Na yi mata jaje, na ce lallai wani abu mai nauyi ya danne ta. Ta ce a'a, haka aka haife ta.

A nan na fara jin labarin wasan. A ƙasarsu suna da ƙwallon ƙafa tasu ta kansu, wadda ba ruwanta da wadda muka sani. Filin ya kusa ninka namu, shi ma siffar ƙwai. Ana bugawa da ƙafa, ana kamawa da hannu, amma ba a jefawa, sai dai a naushe ta zuwa ga ɗan'uwa. Mai gudu da ita dole ya riƙa buga ta da ƙasa yana cafewa, abin da ƙwallo mai siffar gwanda ba ta yarda da shi cikin sauƙi. Ba raga, ba mai tsaron gida, dogayen turaku ne a tsaye ake bugawa ta tsakaninsu. Babban abin alfahari kuwa shi ne mutum ya tashi sama ya cafe ƙwallon da aka bugo daga nesa kafin ta taɓa ƙasa, kuma doka ta yarda ya taka bayan abokin hamayya ya ƙara tsawo. Na tambaya ko ana kai ƙara bayan an tashi. Ta ce tafi ake yi.

Ƙwallon ta kakan mahaifinta ce, wani mai suna Walter, ɗaya daga cikin 'yan wasan farko-farko, tun kafin Turawa su ci Kano. Mahaifin nata ya haura casa'in, idonsa ya yi rauni, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga Walter da rai. Burinsa kafin ya mutu shi ne ya riƙe irin wannan ƙwallo a cike da iska, ya ji ƙarar da take yi idan an buga ta, domin na zamani an sake musu siffa, sun fi tsini, kuma a cewarsa ba sa magana. Ta nemi mai yi a ƙasarsu ba ta samu wanda zai tsaya wa ƙwallo ɗaya ba. Tsohon bai yarda a fita da ta gadon daga gida ba sai da ta yi masa alkawarin za ta dawo yadda ta fita.

"Idan wani abu ya same ta," in ji ta, "sai dai ka nema min aiki a nan."

Na ɗora hannu a ƙirji na ce ko ƙura ba za ta sauka a kanta ba sai da izinina.

Cikin kwanakin bajekolin, a mota, a layin abinci, a bakin rumfuna, ta riƙa ba ni labarin Walter guntu-guntu, kowanne da "akwai lokacin da". Akwai lokacin da ya baro gonar da yake yi wa tumaki aski, ya taho birni a bayan keken shanu mai ɗaukar gashi, don an ce babbar ƙungiya tana neman dogon mutum. Ya iso ba takalmin wasa, aka ara masa na wani, ya yi masa kaɗan, ya yanke gaban da wuƙa ya shiga fili da yatsu a waje. Akwai lokacin da aka yi ruwa har taɓo ya rufe rigunan ƙungiyoyin biyu, 'yan wasa suka koma gane juna da murya. A wancan zamani, da hular hana-salla ake wasa, da dogon wando, ba a biyan kowa ko kwabo, kuma wanda ya ji rauni ba a canza shi, sai dai 'yan'uwansa su ci gaba a ragu. Akwai lokacin da wani ƙato, ɗan sanda a sauran ranaku, ya yi masa gwiwar hannu haƙori ya fita. Walter ya tsince shi, ya sa a cikin hula, ya mayar da hular, ya ci gaba. Akwai lokacin da ya buga ƙwallo daga nesan da 'yan kallo suka fara dariya tun kafin ya ɗaga ƙafa, ta tafi, ta tafi, ta ratsa tsakanin turaku, dariyar ta tsaya a maƙogwaro.

Sai na ƙarshe, wanda ta ba ni a tsaye muna jiran jirgin ƙasa. An bugo ƙwallo sama, mutane sun taru a ƙarƙashinta. Walter ya sheƙo daga baya, ya taka ƙugun wani, ya ɗora gwiwa a kafaɗar wani, ya miƙe a sama da kowa, ya cafe. Waɗanda suka gani sun ce ya ɗan tsaya a can kafin ya tuna da ƙasa. Da ya sauko ƙafarsa ta karye. Aka kawo ƙyauren ƙofa aka ɗora shi, aka yi aka yi ya saki ƙwallon ya ƙi, haka aka fita da shi yana rungume da ita, aka nemo wata aka ƙarasa wasa. Bai sake bugawa ba. Wannan ƙwallon ce a cikin tawul.

Ni malamin tarihi ne, kuma malamin tarihi ba ya iya ganin labarai a warwatse ya ƙyale su. Kafin mako ya fita na riga na tsara rayuwar mutumin gida uku, kamar yadda muke yi wa dauloli a allo: tasowa, bunƙasa, faɗuwa. Takalmin aro na sa shi a ƙuruciya. Haƙori da dogon bugu na ba su shekarun ƙarfi. Karaya na ajiye ta a ƙarshe, lokacin da furfura ta fara, ƙashi ya gaji. Haka na riƙa karantar da shi a gidan abincinmu na unguwar Xiaobei bayan azahar, 'yan Kano da 'yan Yamai suna ajiye cokali suna saurare. Sunan Walter ya yi musu nauyi, suka koma ce masa Marigayi. Har mutum ya tare ni a hanya ya ce, Malam, wai Marigayi da ya buga dogon nan iska tana bayansa ne ko tana gabansa? In ce tana gabansa. Alhaji Isufu shi tambaya ɗaya ya yi tun farko, fatar mece ce. Da aka tabbatar masa ta sa ce, ya zama babban almajirin darasin, yana cewa mutumin da zai sa haƙorinsa a hula ya koma fili, da a Maraɗi yake da an ba shi auren 'yar kowa. Ba na jin kunyar faɗa muku, ni kaina mutumin ya cika min ido. Na karanta jarumai da yawa waɗanda aka biya su da ƙasa da bayi. Wannan ba a ba shi ko kuɗin mota ba.

Na kai aikin wajen wani mai ƙaramar masana'anta a Shiling da muka daɗe muna kai wa 'yan kasuwa, wanda kowa ke kira Lawban, wato maigida. Ƙwallo ɗaya ba ciniki ba ce a wajensa, ya karɓa ne don mutunci. Na gaya masa da Sinanci, na maimaita, na sa ya maimaita min: a auna ta daga waje, a yi irinta, kada a taɓa ɗinkinta. Ya ce ba matsala. Ku riƙe wannan, ku sababbi. Idan Lawban ya ce ba matsala, gaskiya yake faɗa, shi ba shi da matsala.

Ga yadda aiki yake tafiya a can. Kowace masana'antar jaka tana da ɗakin samfuri a baya, inda babban gwani yake zama, ana ce masa Shifu. Duk abin da aka kawo a kwaikwaya, jaka ce ko takalmi, abu na farko da ake yi masa shi ne a farke ɗinkinsa, a shimfiɗa kowane falle a kan kwali, a zana, a yanka. Ba mugunta ba ce, ba kuma ganganci ba. A wajensu samfuri ba kaya ba ne, tambaya ce, kuma amsar tana ciki. Abin da ya shiga wannan ɗaki a ɗinke ba ya kwana a ɗinke, kamar yadda rago ba ya shiga mahauta ya fito yana tafiya. Magana kuwa da aka yi a ofishin gaba da shayi a hannu, ba kullum take kaiwa baya ba.

Ranar Talatar, na tafi da safe tare da Alhaji Isufu duba jakunkunansa, da shirin Madam Helen za ta biyo mu da mota bayan azahar ta ga yadda aiki yake. Na ce bari in leƙa in gaida Shifu. Tsoho ne siriri, tabaransa ɗaure da zare. Yana ganina ya yi murmushi ya nuna min tebur da alfahari. Falle huɗu na baƙar fata, kowanne kamar ganyen mangwaro, a jere. Igiyar a gefe a naɗe. Robar ciki mai riƙe iska ta zama garin da ba ya ɗaukuwa.

Na nemi kujera. Alhaji Isufu ya cire hula, ya yi salati a hankali, ya mayar.

Shifu bai gane abin da ya same mu ba. Da na yi masa bayani sai ya ce ba wanda ya gaya masa, amma ko da an gaya masa da ya ce ba zai yiwu ba: abin da ya motse shekara da shekaru ba a auna shi daga waje, ƙarya zai faɗa maka. Ya ce bai sa wuƙa ba, da tsinke ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, bai yaga rami ko guda ba. Ya ce wanda ya ɗinka wannan abu bahago ne, kuma ya iya, ya daɗe bai ga hannu irinsa ba. Na tambaye shi ko zai iya mayar da ita kafin azahar. Ya dube ni kamar na ce ya mayar da jariri ciki. Fatar ta bushe, sai ta sha mai ta huta, in ba haka ba ramukan za su tsage. Ko bayan haka ma, irin wannan ƙwallo a juye ake ɗinka ta sannan a juyo ta ta baki, tsohuwar fata kuwa aka ce za a juya ta karyewa za ta yi kamar ƙosai busasshe. Zai gwada wata hanya. Bai yi alkawari ba.

Lawban ya shigo yana share gumi, ya ja ni gefe da shawara. A Shiling akwai masu tsufar da fata: jaka ta fito yau, gobe ka rantse kakarka ta je Makka da ita. Ya ce a tare Madam a ofishin gaba da shayi, a ce Shifu ba ya nan, a yi ƙwallo biyu, a tsufar da ɗaya, tsohon ai an ce ba ya gani sosai. Ba zan ɓoye muku ba, shawarar tana da tsari, kuma motar tana kan hanya. Na dubi Alhaji Isufu.

"Mushe," ya ce, "matar da ta goyo gawar ƙwallo tun daga ƙarshen duniya, ai ko warinta ta sani. Kuma tsohon da hannu zai duba, ba da ido ba. Faɗa mata kawai. In ta kashe ka ni zan kai labari Kano."

Na tare ta a bakin ƙofa na faɗa mata a tsaye, da Turancin rediyon nan, ba kwana. Ta wuce ni ta shiga ɗakin, ta tsaya a kan teburin, hannuwanta a bayanta kamar mai tsoron su yi wani abu ba da saninta ba. Kekunan ɗinki na ɗakin gaba duk suka yi shiru, ban san wanda ya ba su umarni ba.

Shifu ya miƙe, ya sa yatsa biyu ya juya falle ɗaya. Bayan fatar baƙi ne, amma cikinta ja ne, ja mai haske, kamar jiya aka fito da ita daga rini. Rabon da haske ya taɓa wannan wuri tun ranar da bahagon nan ya ja zarensa na ƙarshe. Sannan ya ɗauko ƙaramin kofin shayinsa ya ajiye a gabanta. A ciki akwai guntayen tsohon zare, da wata busasshiyar ƙasa mai ruwan toka da ta zubo daga cikin ɗinkin. Ya ce ya ga ba ƙasar nan ba ce, shi ya sa bai zubar ba.

Ta sa ɗan yatsa ta taɓa. Taɓon filin ne. Na tsaya ina kallon ƙasar da ta manne wa ƙwallo a wani yammaci da ruwa, a wata nahiya, kafin a haifi kakana, ga ta a kofin shayi a bayan masana'antar jakar makaranta. Na shiga gidajen tarihi, ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi irin ta ranar ba.

Ta ce dole ta kira mahaifinta, ita ta yi alkawarin, ita za ta faɗa. Ta kira ta bidiyo. Wani tsoho ya bayyana da bargo a kafaɗa, fuskarsa dab da gilashi. Ta yi masa bayani, ta juya wayar kan teburin, ta kai ta kusa da jan. Ya daɗe yana kallo, har na ɗauka layin ne ya tsaya. Sannan ya yi magana, ta saurara, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna motsi. Na ce shi ke nan.

"Wai a tambayi mutumin," ta ce da ni, "ko haƙorin yana ciki. An neme shi a hular ba a gani ba."

Na juya wa Shifu. Ya duba kofin da gaske, ya girgiza kai. "Meyo."

Tsohon ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce abu biyu: a rufe ta, kuma a mayar da ƙasar ciki. Amma ya ƙara da cewa shi ƙwallo ya bayar, ƙwallo yake jira, ba ganye ba.

Ranar da Shifu ya zauna ɗinkin, mun je mun zauna a bayansa kamar masu jiran haihuwa. Tunda ba a juyawa, daga waje ya bi, da lanƙwasassun allurai biyu, yana shiga tsofaffin ramukan, yana ɓoye zaren a ƙarƙashin leɓen fatar. Bai huda sabon rami ba. Ya cusa auduga a madadin iska don ta riƙe siffarta, ya juye abin da ke kofin a tsakiya. Akwai wani wuri kusa da ƙarshe inda fatar ta sirance kamar ɓawon albasa. Da ya iso nan ya ajiye allura, ya fita, ya sha taba, ya wanke hannu, ya dawo. Ba wanda ya yi tari. Ya ja zaren a hankali, a hankali, leɓɓan biyu suka matso suka haɗu, ramin ya riƙe. Ya ɗaure igiyar baki, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juya ta ta kowane gefe, ta shinshina, ta ce da shi sheshe, kalmar godiya ɗaya da ta iya. Shi kuma ya ɗan sunkuya, ba gare ta ba, ga ƙwallon.

Sabuwar kuwa ja ce, kalar da muka gani a ciki, an cika ta da iska. Muka fita farfajiya inda ake loda kwalaye. Madam Helen ta cire takalminta mai tsini ta ari na wani lebura, ta riƙe ƙwallon da hannu biyu, ta sake ta, ta ɗauke ta da ƙafa. Ƙarar ba irin ta ƙwallonmu ba ce, mai zurfi ce, kamar an bugi ganga da tafin hannu. Ta tashi tana juyawa ta wuce hawa na uku, ma'aikata a tagogi suka bi ta da kai gaba ɗaya. Alhaji Isufu ya tattare babbar riga ya shiga ƙarƙashinta da hannuwa a buɗe. Ta sauka gabansa, ta yi tsalle hagu, ta dawo dama, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Ya tsaya yana haki ya ce lallai Marigayi waliyyi ne.

Abin da nake so ku ɗauka a nan, ku da za ku gaje mu, kaɗan ne. Idan baƙo ya ba ku abu ya ce a yi irinsa, ku tambaye shi ko samfuri ne ko gado, domin a ido ɗaya suke. In gado ne, kada ku tsaya a ofishin gaba, ku bi shi da ƙafarku har teburin da zai kwana, ku yi magana da hannun da zai taɓa shi. In kuma abu ya riga ya ɓaci, ku riga kowa faɗa, a tsaye, kafin a kawo shayi. Kuma kada ku raina mutanen ɗakin baya. Al'adar da ta farke ƙwallon ita ce ta san yadda za a rufe ta, ita ce kuma ta ga ƙasa a ɗinki ta ƙi sharewa.

Ni na raka Madam Helen filin jirgi. Tana bayan mota, tsohuwar a tawul a cinyarta, sabuwar a gefe. Ganin an rabu lafiya, bakina ya buɗe. Na ce mata abin alfahari ne gare ni da ofishinmu mu yi wa irin wannan gwarzo hidima, mutumin da ya ba wasa ƙuruciyarsa da ƙarfinsa har tsufa ya cim masa a fili. Na ce akwai jama'a a Xiaobei da ke jiran cikon darasi, kuma abu ɗaya ya rage ban samu ba: shekara nawa ya yi yana bugawa, daga takalmin aro zuwa karaya?

Ta ɗago ta dube ni ta madubin direba, da alamar ba ta gane tambayar ba.

"Shekara? Duk ai rana ɗaya ce," ta ce. "Wasa ɗaya ya buga. An ci su."